Umar Mukhtar da Makiyayan Barƙa

Idan ka shimfiɗa taswirar Afirka, ka ɗora yatsanka a kan garin Lafiya, sa'an nan ka bi da shi arewa, za ka wuce Kano, ka wuce Damagaram da Agadas, ka faɗa cikin rairayin Sahara. In ka ci gaba ka ɗan karkata gabas, ba za ka tsaya ba sai a bakin Bahar Rum, a ƙasar da ake kira Libiya. Kada nisan ya ruɗe ka. Mutanen da sun san wannan hanya tun kafin a yi mota da jirgi. Fataken Tarabulus da na Gadamas sun zauna a birnin Kano, suna kawo takarda da alharini da turare, suna komawa da kirgi da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayi, abin da ba shi da daɗin tunawa. In ka taɓa karanta littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ka riga ka ji sunan Murzuk da Tarabulus.

Mutumin da za ka karanta tarihinsa ɗan gabashin wannan ƙasa ne, yankin da ake kira Barƙa. Sunansa Umar Mukhtar. Duniya ta san shi da yaƙi, amma ka riƙe a zuciyarka cewa sana'arsa ta asali koyarwa ce. Ka kuma lura da mutanen da ke kewaye da shi, makiyaya da matansu da 'ya'yansu, domin ba a iya ba da labarinsa sai da nasu.

Tasowarsa

An haifi Umar wajajen shekarar 1860 a yankin Butnan, kusa da garin Tubruk, cikin wata ƙabilar Larabawa makiyaya da ake kira Minifa. Tun yana yaro mahaifinsa ya rasu a hanyar aikin Hajji, ya taso maraya a hannun malamai. Ya fara karatu a zawiyar Janzur, daga nan aka kai shi Jagbub, wani ɗan gari mai dabino a tsakiyar hamada, inda ya yi kimanin shekara 8 yana neman ilimi.

Ya kamata ka fahimci abin da ake nufi da zawiya, don za ka yi ta cin karo da kalmar. Zawiyoyin Barƙa na ɗariƙar Sanusiyya ne, wadda Sayyid Muhammad bin Ali Sanusi ya kafa. A cikin zawiya akwai masallaci da makarantar allo. Akwai masaukin baƙi da rijiya da gona. Idan ƙabilu biyu suka yi rigima a kan ruwa ko makiyaya, wurin shaihin zawiya suke kai ƙara. Idan ayari ya iso a gajiye, nan yake sauka. Jama'a kuwa su ne suke ɗauke da ita da zakkar hatsi da ta dabbobi. Turkawa ne ke da sunan mulkin ƙasar a lokacin, amma ikonsu bai cika wuce garuruwan bakin teku ba. (A wasu littattafai za ka ga an kira daular Turkawa Daular Usmaniyya. Kada ka haɗa ta da Daular Usmaniyya ta Sakkwato, suna ne kawai ya zo ɗaya.)

Shugabannin ɗariƙa sun ga hankalin Umar da haƙurinsa, sai suka naɗa shi shaihin zawiyar Ƙusur, a kan tsaunukan Jabal Ahdar, wato Koren Dutse. Wannan shi ne yanki mafi ni'ima a Barƙa, mai itatuwa da kwazazzabai da kogwanni, kuma yana samun ruwan sama. Bai daɗe ba aka kira shi kudu, ƙasar Cadi ta yau. A lokacin Faransawa suna kutsowa: sun kashe Rabe a Kusiri a 1900, suka kuma ci zawiyar Bir Alali ta ƙasar Kanem a 1902. A can ne malamin ya fara ganin yadda sojan Turai ke yaƙi, ya kuma koyi cewa mai ƙaramin ƙarfi ba ya tsayawa gaba da gaba da mai igwa. Bayan haka ya koma zawiyarsa ya ci gaba da karantarwa.

A watan Oktoba na 1911 jiragen ruwan Italiya suka kawo hari Tarabulus da Bangazi. Bayan shekara guda Turkawa suka sa hannu a takardar sulhu suka janye, suka bar mutanen ƙasa da baƙin da ba su gayyata ba. Umar yana cikin waɗanda suka tara jama'a tun farko. An yi yaƙi, an yi sulhu, an sake ɓatawa. Har 1922 Italiya ba ta mallaki cikin ƙasar ba.

Mulkin fasist

A watan Oktoba na 1922 wani mutum mai suna Benito Musolini ya zama shugaban gwamnatin Italiya. Jam'iyyarsa ita ce ake kira ta 'yan fasist. Asalin kalmar damin sanduna ne da aka ɗaure tare da gatari, alamar iko a tsohuwar daular Rum. Aƙidarsu ita ce shugaba ɗaya, jam'iyya ɗaya, kuma mutum ba shi da wani haƙƙi sai abin da gwamnati ta ga dama ta ba shi. Irin wannan ne Hausawa ke kira mulkin kama-karya, amma na fasist ya ƙara da son yaƙi da raina sauran jinsi.

Mutanen Italiya ne suka fara ɗanɗana shi. 'Yan bangar jam'iyya masu baƙaƙen riguna sukan kama ɗan adawa su yi masa duka, su ɗura masa man zurma har ya yi gudawa a bainar jama'a, don a wulaƙanta shi. A 1924 aka sace wani ɗan majalisa mai suna Matiyoti aka kashe shi, saboda ya fallasa maguɗin zaɓe. A 1926 aka haramta sauran jam'iyyu duka. Jaridu suka koma buga abin da aka ba su. Aka sa yara 'yan makaranta cikin ƙungiyar jam'iyya, suna fareti da kayan sarki. Mai neman aikin gwamnati sai ya nuna katin jam'iyya. A 1931 aka umarci malaman jami'a su yi rantsuwar biyayya ga mulkin. Cikin fiye da 1,200, kimanin 12 kaɗai suka ƙi, aka kuwa kore su. To, idan haka gwamnati ta yi wa 'ya'yan cikinta, me kake tsammani za ta yi wa makiyayin da ta ɗauka ba mutum ba ne kamarta, wanda kuma take kwaɗayin ƙasarsa?

Musolini ya soke duk alkawuran da aka yi da Sanusiyya. Shugaban ɗariƙar, Sayyid Idris, ya riga ya tafi Masar. Daga 1923 jagorancin yaƙi a Barƙa ya koma hannun Umar Mukhtar, yana da shekara sittin da 'yan kai.

Gwamnatin dare

Mayaƙansa ba su da yawa, kuma makamansu bindigogi ne da dawakai. Abokan gabarsa suna da jiragen sama da motoci masu sulke da dubban sojoji, da yawansu ma 'yan Afirka ne da aka ɗebo daga Eritiriya. Duk da haka ya riƙe su shekara 8. Ta yaya?

Amsar tana cikin tantunan makiyaya. Kowace ƙabila tana da rundunarta a kan dutse, kuma ita ke ciyar da ita. Idan mayaƙi ya faɗi, danginsa su aiko da wani a madadinsa. Ƙabilun da suka sauko kusa da garuruwa suka miƙa wuya ga Italiya, a takarda masu biyayya ne. Amma in dare ya yi, wakilan Umar sukan zo su karɓi zakka, a ba su sha'ir da tumaki da labarin inda sojoji suka nufa. Har harsasan da Italiya ke raba wa masu gadin ƙauyuka sukan ƙare a hannun mutanen dutse. Saboda haka ake cewa Barƙa tana da gwamnati biyu, ta rana da ta dare.

Ka tsaya ka yi tunanin rayuwar magidanci a irin wannan hali. Da rana hafsan Italiya zai zo ya ƙirga dabbobinsa, ya tambaye shi wa ya kwana a tantinsa. Da dare ɗan'uwansa na jini zai zo daga dutse da yunwa. In ya ba shi abinci aka gane, kisa ne. In ya hana shi, da wane ido zai dubi dangi? Ba kowa ne ya ba da da son rai ba, kuma akwai waɗanda suka shiga aikin Italiya don su tsira da iyalinsu. Ba na ganin ya dace wanda bai taɓa kwana cikin wannan tsoro ba ya yi saurin yanke musu hukunci. Abin da yake tabbas shi ne mafi yawansu sun ci gaba da bayarwa, shekara bayan shekara. Mata su ne suke niƙa, su yi gurasa, su ɗebo ruwa, su yi jinyar masu rauni, su kuma rufe bakinsu.

Shi kansa Umar zamansa irin na mutanensa ne. Yana kwana inda suka kwana, yana cin abin da suka ci, yana yanke shari'a a tsakaninsu, yana rubuta rasit na zakkar da aka karɓa. A watan Yuni na 1929 ya zauna da gwamnan Italiya, Marshal Badoliyo, a wani wuri mai suna Sidi Rahuma don neman sulhu. Italiya miƙa wuya take so, shi kuwa yana neman a bar wa mutanensa ƙasarsu da zawiyoyinsu. Kafin shekarar ta ƙare an koma fagen fama.

Sansanoni

A watan Maris na 1930 aka turo Janar Rodolfo Giraziyani Bangazi. Shi da Badoliyo sun gane inda ƙarfin Umar yake. Ka san yadda yara ke kama kifi a kududdufi da rani: ba sa bin kifin, ruwan suke kwarfewa. Haka aka yi wa Barƙa.

Da farko aka rufe zawiyoyi, aka ƙwace gonakinsu da dukiyarsu, aka kwashe shaihunansu zuwa wani tsibiri na Italiya mai suna Ustika. Aka kafa wata kotu da ke yawo a jirgin sama: ta sauka a gari, ta yi shari'a, a rataye mutum ko a harbe shi nan take, ta tashi zuwa gari na gaba. Laifin yana iya zama bindiga da aka samu a tanti, ko abinci da aka ba ɗan tawaye. An kuma jefa bama-bamai masu iskar guba a wasu wurare.

Sa'an nan, daga tsakiyar 1930, aka tashi makiyayan Jabal Ahdar da na gabas baki ɗaya, kimanin mutum 100,000, wato wajen rabin jama'ar Barƙa. Aka kora su da ƙafa, da tsofaffi da masu ciki da jarirai, tare da dabbobinsu, zuwa busasshiyar ƙasa da ke kudu da Bangazi da bakin hamadar Sirti. Wasu ƙabilun sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. Wanda ya gaza a hanya, sojojin rakiya ba sa jiransa, kuma sau da yawa harbe shi suke yi. Haka ma dabbar da ta kasa.

Sansanonin da aka zuba su suna da sunaye da har yau mutanen Libiya ba su manta ba: Suluk, Magrun, Buraiƙa, Ajdabiya, Agaila. Kowane sansani fili ne da aka kewaye da waya mai ƙaya, aka jera tantuna layi-layi, masu gadi suna tsaye a ƙofa. A Suluk kaɗai an tara kimanin mutum 20,000. Mutumin da ya saba tashi ya bi ruwan sama da garkensa duk inda ya so, yanzu ba ya fita sai da takardar izini. Kullum ana kiran suna. Ana tilasta wa mutane su tsaya su gaida tutar Italiya, ana kuma tara su su kalli yadda ake yi wa 'yan'uwansu bulala ko ake rataye su. Abincin da ake rabawa ɗan sha'ir ne da ba ya kai wa ko'ina. Maza suna aikin tilas na hanya, mata suna ɗauko itace da share sansani. Agaila ita ce mafi tsanani, domin can ake kai dangin mayaƙa da duk wanda ake zargi.

Dabbobi suka fara mutuwa, don ciyawar da ke kusa da waya ba ta isa ko kwana nawa ba. A 1926 Barƙa tana da tumaki kimanin 800,000. A 1933 ba su kai 100,000 ba. Raƙuma sun sauko daga wajen 75,000 zuwa ƙasa da 3,000. In kana da maƙwabta Fulani, ka san abin da wannan ke nufi. Garke shi ne nono da nama, shi ne sadaki, shi ne abin yanka ran suna, shi ne mutuncin mai gida. Da dabbobi suka ƙare sai yunwa ta shigo, cututtuka suka biyo ta, musamman zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa da ciwon ido. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa aƙalla mutum 40,000 ne suka mutu a hanya da cikin sansanonin kafin a rufe su a 1933. Marayun da suka rage, gwamnati ta tara da yawansu a makarantu inda ake koya musu fareti da biyayya ga Italiya.

Wani malami ɗan ƙabilar su Umar, Rajab Buhuwaish, yana cikin waɗanda aka tsare a Agaila. A can ya tsara wata doguwar waƙa a kan abin da idonsa ya gani. Babu takarda, babu alƙalami, sai mutane suka haddace ta, suka fito da ita a ka. Tana cikin abubuwan da suka hana a binne labarin, domin jaridun Italiya na lokacin cewa suke yi an kawo wa makiyaya tsabta da ci gaba.

Saura hanya guda ta rage wa mutanen dutse, ita ce iyakar Masar, inda ake shigo musu da hatsi da harsashi. A watan Janairu na 1931 Italiya ta ci Kufra a kudu. A cikin shekarar kuma Giraziyani ya sa aka ja shingen waya mai ƙaya daga bakin teku har Jagbub, tsawon kilomita 270, wato ya fi nisan Lafiya zuwa Abuja. Motoci da jirage suna sintiri a kansa dare da rana.

Ƙarshensa

Yanzu dutsen ya zama kango. Babu tanti, babu garke, babu mai ba da labari. Umar da 'yan ɗaruruwan da suka rage suna yawo cikin kwazazzabai da yunwa. Tun a wata arangama ta 1930 sojojin Italiya suka tsinci tabaransa a fagen fama. Yana da hanyar tsallakawa Masar tun kafin a rufe iyaka, kamar yadda wasu manya suka yi, amma bai tafi ba.

Ran 11 ga Satumba, 1931, aka kewaye shi kusa da Sulunta. Aka harbe dokinsa, ya faɗi, ya ji rauni a hannu, aka kama shi. Aka kai shi Bangazi a jirgin ruwa, aka ɗauki hotonsa da sarƙa a hannu da ƙafa, tsoho mai farin gemu mai kimanin shekara 70. Ran 15 ga wata aka gurfanar da shi. Shari'ar ba ta ɗauki yini ba, don an riga an yanke hukunci kafin a zauna. Bai musa cewa shi ne jagoran yaƙin ba, bai kuma roƙi afuwa ba.

Akwai wani ɗan abu da ya faru a kotun wanda ya kamata ka sani. An ba wani hafsan Italiya, Kyaftin Roberto Lontano, aikin kare shi, don a cika ƙa'ida kawai. Sai hafsan ya ɗauki aikin da gaske, ya nuna wa kotu cewa wannan mutum bai taɓa miƙa wuya ga Italiya ba, bai taɓa karɓar albashinta ba, saboda haka fursunan yaƙi ne, ba maci amana ba. Sakamakonsa shi ne aka tsare shi kwana 10.

Washegari, 16 ga Satumba, aka rataye Umar Mukhtar. Ba a Bangazi aka yi ba. An kai shi sansanin Suluk, aka tara kimanin mutum 20,000 daga cikin tsararru da manyan ƙasa, aka sa su kallo. Waɗanda suka ciyar da shi shekara 8 su ne aka tilasta wa tsayawa a rana su ga ƙarshensa. Bayan wata huɗu, a Janairun 1932, Badoliyo ya ba da sanarwar cewa tawaye ya ƙare.

Da aka buɗe sansanoni, waɗanda suka rayu sun tarar an hana su komawa mafi kyawun ƙasarsu. An keɓe ta ga manoman Italiya. A 1938 aka kawo baƙi 20,000 a tashi ɗaya, aka ba su gidaje da gonaki a Libiya, har da kan Jabal Ahdar. Masu ƙasar da yawa suka zama leburori a hanyar mota da aka shimfiɗa a bakin teku. Abin mamaki, a 1937 Musolini ya zo Tarabulus ya hau doki, aka miƙa masa takobi, yana kiran kansa mai kare Musulunci.

Mulkin bai yi ƙarko ba, kuma ƙasarmu tana da hannu a faɗuwarsa. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Nijeriya sun yaƙi rundunar Musolini a gabashin Afirka, suna cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941. Jiragen yaƙin da Ingila ke aikawa fagen Masar da Libiya kuwa ta Kano da Maiduguri suke bi. A 1943 Italiya ta rasa Libiya, a 1945 aka kashe Musolini, a ran 24 ga Disamba, 1951 kuma Libiya ta sami 'yancin kai, Sayyid Idris ya zama sarki. Giraziyani bai taɓa tsayawa gaban kotu saboda abin da ya yi a Barƙa ba. An ɗaure shi a 1950 don haɗa kai da Jamus, aka sake shi bayan 'yan watanni, ya mutu a 1955.

Libiya ta sa hoton Umar a takardar kuɗinta ta dinari 10. Wani mai shirya fim, Mustafa Akkad, ya yi fim a kan rayuwarsa mai suna Lion of the Desert, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Hukumomin Italiya suka hana nuna shi a ƙasarsu. Sai a 2008 Italiya ta sa hannu a wata yarjejeniya a Bangazi, ta nemi gafara, ta yi alkawarin biyan dala biliyan 5 cikin shekara 20. A watan Yuni na 2009 shugaban Libiya na lokacin, Mu'ammar Gaddafi, ya sauka a birnin Rum da hoton nan na Umar cikin sarƙa maƙale a ƙirjinsa. A bayansa aka riƙo wani tsoho yana saukowa daga jirgin da ƙyar. Muhammad ne, ɗan Umar Mukhtar, wanda yake yaro ƙarami lokacin da aka rataye mahaifinsa.